Matso da Kwamfuta Kusa da Mai Waya: Yadda Ake Rage Jinkiri a Sadarwar Iska

Duk buƙatar da wayar hannu ta tura ta intanet tafiya take yi, tafiya kuwa tana cin lokaci. Idan mutum ya danna maɓallin tura kuɗi, ko ya yi wa wata manhaja tambaya da murya, saƙon yana tashi ta iska zuwa turken sadarwa mafi kusa, wanda jama'a ke kira ƙarfen sabis. Daga nan ya bi wayar faiba zuwa cibiyar kamfanin sadarwa, sannan ya nufi wata babbar kwamfuta da ke cikin cibiyar adana bayanai, sau da yawa a wata nahiya. A can ake yin aikin, amsa kuma ta biyo sawu ta dawo. Lokacin da ke tsakanin tashin buƙata da isowar amsa shi ne jinkiri, ana auna shi da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa.

Jinkiri daban, yawan bayanan da hanya ke iya ɗauka daban, ko da yake tallan kamfanoni kan cakuɗa su. Tauraron ɗan'adam irin wanda ke tsaye a nisan kilomita 35,786 daga doron ƙasa yana iya sauko da bayanai masu yawa a daƙiƙa guda, amma kafin buƙata ta hau ta sauka, amsa ma ta hau ta sauka, kusan rabin daƙiƙa ya tafi. Mai kallon fim ba zai damu ba, domin da zarar fim ya fara sai ya yi ta gudu. Masu hira ta waya kuwa za su riƙa katse juna. Shi ya sa Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta ba da shawarar kada murya ta wuce milisakan 150 kafin ta isa kunnen mai saurare. Wasu ayyukan sun fi haka tsanani. Tabaran da ke nuna wa mutum duniyar kwamfuta yana buƙatar hoto ya bi juyin kai cikin kimanin milisakan 20, in ba haka ba jiri da tashin zuciya su biyo baya. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita uku a cikin milisakan 100, tazarar da ta isa ta raba tsira da karo.

Nisa da iyakar haske

Kashin farko na jinkiri babu dabarar da ke kawar da shi. Haske yana gudun kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa a sarari, amma a cikin zaren gilashin faiba gudun yana sauka zuwa wajen kilomita 200,000. Ke nan duk kilomita 100 na waya yana ƙara milisakan ɗaya a zuwa da dawowa. Wayar ƙarƙashin teku ta MainOne, wadda ta fara aiki a 2010 tsakanin Legas da Fotugal, tsawonta ya kai kimanin kilomita 7,000. Idan aka haɗa da kusan kilomita 1,000 da ke tsakanin Kano da Legas, buƙatar da ta tashi daga Kano zuwa gaɓar Turai ta riga ta ci wajen milisakan 80, tun kafin a lissafa tsayuwarta a na'urorin da ke kan hanya, tun kuma kafin kwamfutar da ke can ta taɓa aikin.

Nisa yana ƙara ciwo ne domin ba zuwa ɗaya ake yi ba. Kafin waya ta fara karɓar bayani daga wata cibiya, sai sun gaisa sun kuma amince da makullin sirri. A tsohon tsari wannan kan ci zuwa da dawowa har sau uku. Tsarin tsaro na TLS 1.3 da ya fito a 2018 ya rage ɗaya, tsarin QUIC da aka tabbatar a 2021 kuma ya haɗe gaisuwar da musayar makulli wuri guda.

Tunda ba a iya ƙara wa haske gudu, sai aka koma rage masa tafiya. Kamfanin Akamai, wanda aka kafa a 1998 daga wani bincike a jami'ar MIT ta Amurka, ya fara da ajiye kwafin hotuna da shafuka a ƙananan kwamfutoci kusa da masu amfani da su. Wannan ajiya ce kawai. A 2009 Mahadev Satyanarayanan na Jami'ar Carnegie Mellon da abokan aikinsa suka kawo shawarar a matso da aikin lissafin kansa: a kafa ƙaramar cibiya da waya za ta iya kaiwa da tsalle ɗaya ta iska, ta miƙa mata aikin da ya fi ƙarfinta. A 2014 hukumar tsara ƙa'idojin sadarwa ta Turai, ETSI, ta kafa kwamiti don tsara yadda za a saka irin waɗannan kwamfutoci a cikin hanyoyin kamfanonin waya, a 2017 kuma aka faɗaɗa aikin ya haɗa da Wi-Fi da wayoyin ƙasa. Abin da ake kira sarrafa bayanai a gefe ke nan, gefen kuwa shi ne bakin hanyar sadarwa, inda take haɗuwa da mai waya.

Sai dai matso da kwamfuta kashi ɗaya kawai yake magancewa. Da zarar nisa ya ragu, sai sauran abubuwan da yake rufewa su fito fili.

Abin da iska ke ci

Zangon rediyo kayan tarayya ne. Wayoyi ɗaruruwa da ke ƙarƙashin turke ɗaya ba za su yi magana lokaci guda a zango guda ba, don haka turken ne ke raba musu lokaci. A tsarin 4G an yanka lokaci gida-gida, kowane gida milisakan ɗaya. Wayar da ke son tura bayani sai ta jira damar neman izini, ta nema, turke ya ba ta, sannan ta tura. Idan bayanin ya lalace a hanya saboda bango ko ruwan sama ko kutsen wata wayar, sai an maimaita, kuma a nau'in 4G da ya fi yaɗuwa kowane maimaici yana ƙara milisakan 8.

Masu tsara 5G sun bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Sun ba da damar gidan lokaci ya gajarce zuwa rabin milisakan, ko rubu'i, har zuwa kashi ɗaya cikin takwas a zanguna masu tsananin sauri. Sun yarda saƙon gaggawa ya fara tafiya a tsakiyar gida ba sai ya jira farkon na gaba ba, ya kuma iya ture wani saƙon da ba na gaggawa ba. Na'urar da aka san tana yawan tura ƙananan saƙonni, kamar ma'aunin zafi a masana'anta, ana ware mata gurbi tun da wuri ta yadda ba sai ta nemi izini ba. Maimakon jiran a ce mata saƙo ya lalace kuma, tana iya tura shi sau biyu ko fiye tun farko. Kowace dabara cikin waɗannan tana da farashi: gurbin da aka ware ba a yi amfani da shi ba asara ne, saƙon da aka tura sau biyu kuma ya cinye wurin wani.

Daga nan adadin milisakan ɗaya da ake yawan ambata wa 5G ya samo asali. ITU ta sa shi a matsayin mizani ga ayyukan gaggawa, da milisakan 4 ga amfanin yau da kullum. Amma mizanin na tsakanin waya da turke ne kawai, ga ƙaramin saƙo, a hanyar da babu cunkoso. Bai ƙunshi tafiyar faiba ba, bai ƙunshi aikin kwamfuta ba. Mai wayar 5G da manhajarsa ke magana da wata cibiya a Jamus ba zai taɓa ganin abin da ya yi kama da wannan adadi ba.

Akwai kuma wani shinge da ba a cika lura da shi ba. A tsarin 4G, bayanan waya suna bi ta wata rufaffiyar hanya har sai sun kai babbar ƙofar kamfani kafin su fita intanet, ƙofofin nan kuwa kaɗan ne a ƙasa guda. Ko da an ajiye kwamfuta a gindin turke, saƙo zai wuce ta, ya tafi birnin da ƙofar take, sannan ya dawo mata. Sabon tsarin cibiyar 5G ya ba da damar a kafa ƙananan ƙofofi kusa da jama'a. Sai dai kamfanoni da yawa a duniya sun fara ne da ɗora turakun 5G a kan tsohuwar cibiyar 4G, domin ya fi araha da sauri, wannan kuwa yana ƙara yawan bayanai fiye da yadda yake rage jinkiri.

Wi-Fi nasa halin daban ne. A al'adarsa babu mai raba lokaci: kowace na'ura tana saurare, in ta ji shiru ta yi magana, in ta yi karo da wata su ja da baya su sake gwadawa. Yawan na'urori yana kawo yawan karo. Wi-Fi 6, da ya shigo kasuwa wajen 2019, ya ari dabarar wayar salula ta raba zango ga na'urori da yawa a lokaci guda.

Layi

Babbar cibiyar bayanai tana da dubban kwamfutoci, idan wasu sun cika wasu na zaune. Cibiyar gefe kuwa ƙarama ce, wataƙila kwamfutoci kaɗan a cikin akwatin ƙarfe. Lamarin kamar na injin niƙa ne: na cikin unguwa ya fi kusa, amma ranar da gidajen biki uku suka kawo markaɗe, wanda ya hau babur ya tafi babban injin kasuwa sai ya riga mai jira dawowa.

Lissafin layi ya girmi kwamfuta. Injiniyan ƙasar Denmak Agner Krarup Erlang ne ya aza harsashinsa a 1909, yana nazarin kiran tarho a kamfanin wayar Kopenhagen. A mafi sauƙin samfurin wannan lissafi, inda ayyuka ke zuwa ba tsari ga ma'aikaci ɗaya, sakamakon yana da ban tsoro. Idan kwamfuta tana aiki rabin lokacinta, kowane aiki yana ɗaukar ninki biyu na lokacin da zai ci da shi kaɗai ne. Idan nauyin ya kai kashi 90 cikin ɗari, ninki goma. A kashi 99, ninki ɗari. Ma'ana, cibiyar gefen da ake so ta riƙa amsawa da sauri dole a bar ta da sarari, sararin nan kuwa kuɗi ne da mai kamfani ya kashe ba ya ganin ribarsu kai tsaye. A nan ne injiniya da akanta suka fi samun saɓani.

Maganin da aka fi bi shi ne a haɗa cibiyoyin gefe da ke maƙwabtaka su riƙa karɓar wa juna. Amma sanin wadda ta fi sarari a kowane lokaci shi ma yana cin saƙonni, kuma kafin labari ya iso ya tsufa. Idan kowa ya ji cewa cibiya kaza ba kowa, sai kowa ya ruga can, ta zama ita ce mafi cunkoso. Masana lissafi sun nuna a shekarun 1990 cewa wata hanya mai sauƙi tana kauce wa wannan: a zaɓi cibiyoyi biyu da ka, a duba wadda layinta ya fi gajarta, a ba ta. Wannan kaɗai yana rage dogayen layuka ƙwarai idan aka kwatanta da zaɓen ɗaya da ka.

Layi ba a gaban kwamfuta kaɗai yake ba. Na'urorin hanya suna da ma'ajiyar da bayanai ke jira a ciki, kuma da ma'ajiya ta yi araha sai masu ƙera su suka faɗaɗa ta fiye da kima, har ƙaramin saƙon murya ya riƙa maƙalewa a bayan babban fayil. Injiniya Jim Gettys ya ja hankalin duniya kan wannan a 2010, a 2012 kuma Kathleen Nichols da Van Jacobson suka fito da tsarin CoDel, wanda ke lura da tsawon zaman da bayani ya yi a layi, ya sa mai turawa ya sassauta.

A tura ko a yi a gida

Ba kowane aiki ne ya cancanci turawa ba. A ɗauka wani manomi ya ɗauki hoton ganyen masara yana son manhaja ta gane masa cutar da ta kama shi. Hoton megabait 2 ne, wato megabit 16. Idan hanyarsa na tura megabit 20 a daƙiƙa, hawan hoton kaɗai zai ci milisakan 800. Ko da kwamfutar gefe za ta gama nazari cikin ƙiftawar ido, wayar da ke iya yin aikin da kanta cikin rabin daƙiƙa ta fi ta sauri. In kuwa wayar tsohuwa ce mai buƙatar daƙiƙa biyar, turawa ta fi. Hawa ne wuyan aiki, domin yawancin kamfanoni suna ba saukar da bayanai kaso mafi tsoka na zangonsu, alhali aikin gefe hawa yake buƙata. Ga kuma batir, wanda lissafi ke ci, turawa ma ke ci, musamman idan sabis ya yi rauni waya tana ƙara ƙarfin muryarta.

Tsakanin turawa da ƙin turawa akwai rabawa. A 2017 masu bincike a Jami'ar Michigan suka nuna cewa manhajojin ƙirƙirarriyar basira, waɗanda ke aiki hawa-hawa, ana iya yanka su a tsakiya. Waya ta yi matakan farko har bayanin ya ƙanƙance, sannan ta tura ɗan abin da ya rage. Inda ya dace a yanka yana canzawa da ƙarfin sabis da cunkoson cibiya, don haka shawarar sai a riƙa sabunta ta.

Jiran na ƙarshe

Idan aiki ya yi girma, ana yanyanka shi a raba wa kwamfutoci da yawa su yi tare. Matsalar ita ce aikin bai ƙare ba sai mafi nawa a cikinsu ta kawo nata. Jeffrey Dean da Luiz André Barroso na kamfanin Google sun bayyana girman wannan a wata maƙala ta 2013. Kwamfutar da ke yin nawa sau ɗaya kawai cikin ɗari abin yabo ce. Amma idan buƙata guda sai ta taɓa irinta ɗari, kashi 63 cikin ɗari na buƙatu za su gamu da aƙalla ɗaya mai nawa. A sadarwar iska abin ya fi muni, tunda kwamfuta na iya gama aikinta da wuri amma hanyarta ta dusashe a daidai lokacin da za ta miƙa amsa.

Hanya mafi sauƙi ita ce a ba kwamfuta biyu aiki ɗaya a karɓi amsar da ta riga zuwa, ko a ɗan jira, in ta farko ta yi shiru a tura wa ta biyu. Hanya mafi wayo ta fito ne a tsakiyar shekarun 2010, daga masu bincike a jami'o'in Kalifoniya, waɗanda suka ari dabarar gyaran kuskure da ake amfani da ita a sadarwa. A ce za a ninka wani babban jadawalin lambobi da wasu lambobi. Sai a raba jadawalin gida biyu, a ba kwamfuta ta farko rabin farko, ta biyu rabi na biyu, ta uku kuma a ba ta jimillar rabin biyun. Duk biyun da suka riga gamawa sun wadatar. In ta biyu ce ta makara, sai a cire amsar ta farko daga ta ta uku, abin da ya rage shi ne amsar da ake jira. Da ƙarin kwamfuta ɗaya tak an tsira daga nawar kowace ɗaya cikin ukun, alhali kwafi zalla zai buƙaci huɗu. Dabarar ta fi dacewa da lissafin tarawa da ninkawa, sa'a kuma irin wannan lissafi ne ƙashin bayan ƙirƙirarriyar basira.

Irin wannan wayo yana aiki wajen musayar sakamako ma, kuma a nan halin iska ya zama alheri, domin abin da turke ya faɗa kowa na ji. Idan na'ura ta farko tana riƙe da abin da ta biyu ke nema, ta biyu kuma tana riƙe da abin da ta farko ke nema, turke ba sai ya yi magana sau biyu ba. Ya watsa haɗin biyun sau ɗaya, kowacce ta cire wanda ta sani ta sami wanda take so. Salman Avestimehr na Jami'ar Kudancin Kalifoniya da abokan aikinsa sun nuna cewa idan aka maimaita kowane yankin lissafi a na'urori da yawa da gangan, nauyin musaya yana raguwa kusan da adadin maimaicin. Ana sayen lokacin iska da ƙarin lissafi ke nan, ciniki mai kyau a duk inda iska ta fi kwamfuta tsada. Yawancin waɗannan dabaru dai har yanzu sun fi ƙarfi a takardun bincike fiye da a cikin akwatunan kamfanoni.

Motsi ma yana da nasa. Fasinjan mota yana sauya turke a kai a kai, aikin da ya fara a wata cibiya kuma ya rage a baya. Ko dai a kwashe aikin a bi shi da shi, abin da ke cin lokaci, ko a bar shi a can jinkiri ya yi ta ƙaruwa. Manhajar da ba ta ajiye tarihi mai nauyi a cibiya ita ta fi sauƙin ƙaura.

Inda ake kafa gefen

A Najeriya, hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjon zangon 5G a Disambar 2021, inda kamfanonin MTN da Mafab suka yi nasara a kan dala miliyan 273.6 kowanne. MTN ya fara aiki a 2022, Airtel ya biyo baya a 2023. A farkon 2023 ɗin ne Amazon ya buɗe ƙaramin reshen cibiyarsa a Legas, Starlink kuma, mai taurari a nisan kimanin kilomita 550 kacal a lokacin, ya fara aiki a ƙasar, karo na farko a Afirka. Tun 2006 akwai mahaɗar intanet ta ƙasa, IXPN, inda kamfanoni ke musayar bayanai kai tsaye, don kada saƙon da ya tashi daga wani kamfani zuwa maƙwabcinsa ya zagaya ta Landan.

Amma wayoyin teku a gaɓa suke sauka, manyan cibiyoyin bayanai ma a Legas suka taru. Nijar da Chadi ba su da teku, sai sun bi ta ƙasashen maƙwabta kafin su kai ga waɗannan wayoyi. Ga mai waya a waɗannan yankuna, abin da dogon faiba ke ci, da zagayen da bayanai ke yi idan aikin titi ya tsinke waya, ya fi abin da gyaran zangon rediyo zai ceto. Sannan kwamfutar gefe tana son wuta da sanyi dare da rana, turaku da yawa kuwa da dizal da hasken rana suke rayuwa, ƙarin nauyi a kansu ƙarin kuɗi ne kai tsaye.

Wannan ya sa ko a ƙasashe masu arziki ba a cika saka kwamfuta a gindin kowane turke ba, sai a masana'antu da tashoshin jiragen ruwa da ke da hanyar 5G tasu ta kansu. Ga jama'a, an fi kafa cibiyar a babban birnin yanki, inda wayoyin turaku da yawa ke haɗuwa, ta yadda za ta yi girman da layi ba zai shaƙe ta ba. Lissafin haske ya goyi bayan haka. Cibiyar da ke Kano za ta amsa wa Zariya ko Katsina, kowacce ƙasa da kilomita 200, da ƙarin milisakan biyu ko ƙasa da haka na tafiyar faiba, inda zuwa Legas da dawowa ke cin wajen goma, zuwa Turai kuma tamanin ko fiye. Maraɗi ta Nijar ma tana dab da wannan da'irar ta fuskar nisa, sai dai amfaninta da cibiyar ya rataya ne a kan ko kamfanonin ƙasashen biyu sun haɗa wayoyinsu a kan iyaka, ko kuwa bayanan sai sun gangara gaɓar teku kafin su hauro.